Asibitin da Muka Gani a Takarda

Shekarar da rikicin nan ya tashi daga kwalejin malamai ya bi gari gari, a shekarar ce 'yata ta fari ta zama likita. Na riƙe wannan ne don ranar da ya kamata mu je Jos mu ga an yaye su, hanya ba ta biyuwa, soja a kowace kwana, sai muka zauna a kwatas ɗin reluwe muka ci shinkafar bikin mu da maƙwabta. Bayan nan aka yi zaɓen da aka soke, lokacin da Ibo na layinmu suka ɗaure kaya suka tafi gida, daga baya suka dawo da kayan a ɗaure yadda suka tafi da su. Sai maigidana ya rasu, a daminar da jirgi ya fara yin mako bai shigo tasha ba. Sai sanƙarau. Abin da zan faɗa ya fara bayan sanƙarau ne, kafin shugaban sojan nan ya mutu farat ɗaya. Ku masu boko ku nemi shekarar. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma ban taɓa sa na baya a gaba ba.

'Yata likitar ido ce. Tana aiki a wani ƙaramin asibitin mishan da ba shi da nisa da mu, aikinta cire yanar da ke rufe idon tsofaffi. Hannu gare ta, wannan ba yabon uwa ba ne. Tsoho zai zo an ja shi da sanda, ya koma gida yana ƙirga kajinsa da kansa. Wan ubanta ma ita ta buɗe masa ido, bayan ya yi shekaru yana gaida bishiyar mangwaro a madadin mutane. Ran Asabar takan zo gida, in dama mata gwaten acca, ta zauna a bakin ƙofa tana sha tana ba ni labarin idanu har sai na ce mata ta bar ni in ci abinci. A kasuwa ba wanda ke kirana da wani suna sai Maman Likita, ni kuwa ba na ɓoye cewa yana yi mini daɗi.

Abu ɗaya ke cin ranta. Akwai yaran da ake haifa da yanar a ido, su kuma aikinsu daban ne, ba ta iya ba. Takan tura iyayen zuwa manyan asibitoci masu nisa, su ce to, su koma ƙauye su zauna. Ta ce mini tana jin muryar waɗannan iyayen ko tana cikin sujada.

Wata Asabar ta zo da takarda falle biyu. Ta ce a Jos akwai wani ofishi mai kwamfuta da aka jona da wayar tarho, ta cikinta kuma asibitocin ƙasashen waje ke baza sanarwarsu kowa ya gani. A nan ta samo wani asibiti a ƙasar Turawa da ke ɗaukar likitocin da suka riga suka ƙware, ya ƙara musu ilmi a kan idon yara. Ta zauna tana karantawa tana juya mini da Hausa, ni kuwa na karɓi fallen da ke da hoto. Dogon gini ne mai tagogi da yawa, ga ciyawa an aske ta, ga itatuwa a jere. Ba mutum ko ɗaya.

Na ce, “Ina marasa lafiyan?”

Ta ce, “Mama, ba a sa hoton marasa lafiya.”

“To ina masu koyarwan? Su ma ba su da lafiya ne?”

Ta yi dariya ta ci gaba da karatu. Takardar ta faɗi shekarar da aka gina asibitin. Ta faɗi yawan gadajensa. Ta ce garin yana da kogi mai daɗin yawo da yamma. Na jira in ji wa zai tsaya a kanta ya koya mata, ban ji ba. Na jira in ji ko za a ba ta wuƙa a hannu, da inda za ta kwana, da waɗanda suka je kafin ita da abin da suka zama, har ta kai ƙarshe ban ji ba. Na ce ta karanta bayan takardar. Ta juya ta nuna mini, fari fat. Ranar rufe karɓar mutane da ke jiki ma ta bara ce, ba wanda ya damu ya gyara.

Ba sakarya na haifa ba, ta rubuta musu ta wannan kwamfutar ta tambaya. Amsar da ta dawo, maganar da ke kan takardar ce aka sake turo mata, har da kogin. Ta sake rubutawa. Sai suka ce sun karɓe ta, ta zo, in ta iso za a yi mata bayanin komai. A nan gida kuwa shugaban asibitinsu ya gaya mata gaskiya: in ta tafi ba zai iya ajiye mata kujera ba, ga wani saurayin likita da ita ta koya wa aiki, shi zai hau. Ke nan za ta saki abin da ke hannunta ta bi hoton gini.

Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Nok, aure ya kawo ni Kafanchan. Mu manoman citta ne, citta kuwa irinta shi ne dukiyar gida gaba ɗaya. In ka zuba shi a ƙasar da ba ta so, ka gama da shekarar da ta gaba. Saboda haka a wurinmu in mutum zai karɓi aron gona, ba ya tambayar mai gonar. Mai gona kullum gonarsa ta fi ta kowa. Wanda ya noma ta a baya ya bari, shi ake nema. Kuma ba a jan shi gefe a tambaye shi. A tsakar gidansu ake yi, a gaban ubansa ko wani babba nasa, don a gefe mutum yana iya ɓata sunan gona mai kyau saboda yana so ƙanensa ya samu, amma a gaban ubansa bakinsa ba zai ɗauki ƙarya ba. Haka na ga ubana yana yi. Haka na yi duk lokacin da zan ba da ɗa koyon sana'a, ban taɓa yin asara ba.

Na ce mata, “Ba inda za ki sai na ji daga bakin wanda ya je ya dawo.”

Ta ce, “Mama, Turai ba Nok ba ce.”

Na ce, “Na sani. Nok ai na san hanyarta.”

Ba ta yi gardama sosai ba. Na lura ko a lokacin tana ta juya takardar nan tana duba farin bayanta, kamar wani rubutu zai tsiro.

Ba a daɗe ba zumuntar matan coci ta yi babban taro a Manchok. Bayan an rufe da addu'a na miƙe na ɗaga hoton sama, na ce duk wadda ta san wanda ya taɓa shiga wannan gini ta zo ta same ni. Mata suka fashe da dariya, wata ta ce, “Maman Likita, mu da ko Kaduna sai da ciwo muke zuwa!” Hoton ya bi hannu hannu har ya yi laushi. Ana cikin raba abinci sai wata mata daga wajen Kujama ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta ce ɗan wan mijinta ya je ƙasar Turawa karatun ido ya dawo. Na tambaye ta a wane asibiti yake aiki yanzu. Ta duba kwanonta, ta ce in je dai in gani.

Na tafi ni kaɗai, 'yata tana da mutane a layi. Lokacin wahalar mai ne, muka cika bas kamar buhunan gawayi, muka bi ta Kachia. Na riƙe ƙunshin busasshiyar citta a cinya, don ba a zuwa irin wannan tambaya hannu sake.

A bakin titi na same shi, cikin wani ɗan shagon kemis. Dogon mutum ne mai tsabta, ya girmi 'yata kaɗan. A bango ga takardar shaida cikin gilashi, shi kuma yana zuba wa wata yarinya ƙwayoyin zazzaɓi a takarda. Na gaya masa ko ni wace ce da abin da ya kawo ni. Ya jawo benci.

Ya ce, “Mama, zauna nan mu yi magana. Ba kowa yanzu.”

Na ce, “A'a, ɗana. A gida za mu yi, gaban babanka.”

Ya ce, “Nan ya fi, Mama.”

Na ce masa ni ba na karɓar magana a shago. Ya tsaya da bencin a hannu kamar ya manta inda zai ajiye shi. Daga baya ya rufe ƙofar ya sa kwaɗo, ya wuce gaba na bi shi.

Babansa tsohon manomi ne, dattijon coci, mai murya kamar ganga. Da ya ji daga Kafanchan na taso takanas don in tambayi ɗansa, sai ya sa aka fito da kujeru ƙarƙashin ɗorawa. Ƙannensa suka zo, matan gida suka zo, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Tsohon ya ba ni labarin godiyar da suka yi a coci ranar da ɗan ya dawo, yadda aka yanka sa, yadda mutane suka zo daga ƙauyuka. Na ajiye cittata a gabansa, na miƙa wa ɗan hoton.

Ya karɓa ya duba. Ya ce, “Nan ne.”

Na ce, “To ga babanka zaune. Wurin nan, wuri ne?”

Ya ce, “Wuri ne, Mama. Akwai kayan aikin da ba mu da irinsu.”

“Kai ka yi aiki da su? Da hannunka?”

Kafin ya buɗe baki baban ya ce, “To me ya kai shi, kallon kogi?” Tsakar gida ta ɗauki dariya. Ni ban yi ba, ina kallon ɗan. Ya dubi ubansa, ya dubi mutanen da ke kan katanga, ya ce, “Na yi.” A hankali ya faɗa, amma kowa ya ji.

Na ce, “In ƙanwarka ce, za ka bar ta ta je?”

Ya ce, “Zan bar ta.”

Na tambayi abin da ya sa yake sayar da magani ba ya buɗe ido. Nan ma baban ne ya amsa, ya ce ilmin ɗansa ya fi ƙarfin kayan aikin ƙasar nan, sai gwamnati ta waye tukuna. Kowa ya gyaɗa kai. Aka kawo mini tuwo na ci.

Ɗan ne ya raka ni titi. Muna tsaye, bas ta ɓullo daga nesa, sai ya matso ya rage murya ya ce, “Mama, ki ce mata...” Daidai nan ƙanen babansa ya iso da gudu da ƙullin gyaɗa, wai tsarabata. Likitan ya ja da baya. Na ce, “In ce mata me?” Ya ce, “Ki ce mata ta tafi da rigar sanyi mai kauri.” Da bas ta tashi na waiwaya, yana nan tsaye inda na bar shi, hannuwansa biyu a baya.

Duk hanya maganar rigar sanyin nan tana yi mini yawo a kai. Amma an yi tambaya yadda ake yi, an ba da amsa a gaban uba, ni kuwa ban san wata hanya da ta fi wannan ba. Na isa na ce wa 'yata, “Na tambaya. Ya ce wuri ne, ya ce ya yi aiki da hannunsa.” Ta rungume ni. Ta ajiye aikinta, saurayin likitan ya hau kujerarta. Na tara coci kaf aka yi mata addu'ar sallama, fasto ya ɗora hannu a kanta ya roƙi Ubangiji ya sa ta dawo ta buɗe idon yaranmu.

Da yake ba na karatu, kaset take aiko mini ta hannun masu zuwa. A gidan maƙwabciyata nake saurara, wata 'yar Ibo matar direban jirgi, mai sayar da atamfa, don rediyonta ya fi nawa murya. Kaset na farko duk labarin sanyi ne. Na biyu, wai jiragensu na ƙasa ba sa makara, ta ce da babanta yana da rai da ya yi kuka. Ta ba da labarin tsohuwar da take haya a gidanta, da burodinsu mai tauri, da cocin da ba a tafi a cikinsa. Muryarta lafiya lau, har da dariya. Ranar da muka gama na uku, maƙwabciyata ta danna rediyon ta juyo.

Ta ce da karyayyiyar Hausarta, “Maman Likita, yarinyanka bai faɗa maganan ido ba fa.”

Na ce, “Ta gaji ne. Wanda ya wuni yana aiki ba ya son maganarsa.”

Ta ce, “A nan shi bai gaji ba? A nan ko muna cin abinci, ido, ido, ido.”

Na tashi na ɗauki kaset ɗina. Amma na san ta faɗi abin da na riga na ji. Na sa aka ɗauki muryata na aika, na tambaye ta a fili: yara nawa kika buɗe wa ido? Kaset ɗin da ya dawo ya amsa mini komai, har maganar rufin ɗaki da ke yoyo, ban da wannan. Ta haɗo da hoto. Ga ta cikin farar riga a gaban ginin nan, ciyawar nan, itatuwan nan, ita kaɗai, hannuwanta cikin aljihu.

A damina ta biyu da tafiyarta idona ya fara hazo, na hagu ya riga na dama. Da fari zare ne ya daina shiga allura. Daga baya a coci sai in ji murya kafin in san wa ke gaishe ni. Saurayin likitan nan yaro ne mai ladabi, yakan zo gaishe ni. Ya ja ni bakin ƙofa ya duba, ya ce yanar ido ce, in zo ya cire mini, aikin safiya ɗaya ne. Na ce masa ya yi haƙuri, mai idon tana hanya. Haka na gaya wa zumuntar mata, haka na gaya wa 'yan kasuwa. Kowa a layinmu ya san idon Maman Likita yana jiran 'yarta.

Ta dawo a shekarar da soja suka miƙa mulki. Ta rame, ta yi haske, ta zo da takardar shaida cikin gilashi. Aka yi girki, aka yi waƙa, aka rataye takardar a falo. Da baƙi suka watse, wata safiya na kira ta bakin ƙofa inda haske yake, na ce ga aikinki yana jira. Ta sa yatsa ta ɗaga fatar idona. Hannun nan na san shi tun yana kama mini zane. Ya yi sanyi, kuma yana rawa, 'yar rawa ƙanƙanuwa wadda mai kallo ba zai gani ba, sai wanda take kan fatarsa.

Ta ce, “Mama, likita ba ya yi wa uwarsa aiki.”

Na ce, “Wan babanki fa? Baƙo ne?”

Ta sauke hannun. Ta zauna a dakalin ƙofa inda take shan gwate da. Sannan ta gaya mini. Tun ranar da ta isa aka sanar da ita cewa dokar ƙasar ba ta yarda likita mai takardun ƙasarmu ya taɓa majiyyaci ba, sai ya ci wasu jarrabawa da ba sa cikin abin da aka kira ta yi. Da ta ce ba a rubuta haka ba, sai suka yi mamaki, suka ce ai kowa ya sani. Ba wanda ya wulaƙanta ta. Kujera suka ba ta a bayan ɗakin tiyata, da talabijin da ke nuna idon da ake yi wa aiki. A kan kujerar nan ta yi damina biyu, ba ta riƙe wuƙa ko sau ɗaya ba. Aikin ido kuwa, in ji ta, kamar gashi ake rabawa biyu, hannun da ya kwana biyu bai yi ba sai ya fara tsoro.

Na ce, “Me ya hana ki dawowa?”

Ta ce, “In dawo in ce me? Kin tara coci, Mama.”

“Na Kujama fa?”

“Wata nas a can ta tuna da shi. Kujerar da ya zauna ita aka ba ni.”

Har yau akwai masu cewa da na zauna a kan bencin shagon nan da ba haka ba. Su suka ce, ni ban ce ba. Na yi tambaya yadda ubana ya yi. Sai dai wanda ya bar gonar citta ba ya jin kunyar cewa ƙasar ba ta da kyau, don laifin ƙasa ne. Wanda aka yanka wa sa ranar dawowarsa, a gaban wanda ya yanka san, ba zai ce zama ya je yi ba. Masu asibitin da suka iya faɗin kogi suka kasa faɗin wannan, su za su amsa a gaban Allah.

Ta ce in shirya a makon nan ta kai ni wurin saurayin likitan, don yanar hagu ta nuna ta wuce, in aka bar ta za ta iya kashe idon. Ina jin ta, amma abin da nake gani cikin hazon nan shagon bakin titi ne, da takarda cikin gilashi, da mutum mai ƙirga ƙwayoyi. Na san in na tashi na bi ta wurin wani, shi ke nan, gari zai gane, ita ma za ta yarda, kafin baɗi ta kama shago.

Na ce, “Ba hannun da zai shiga idon nan sai naki.”

Ta ce, “Mama, idonki ne fa!”

Na ce, “Nawa ne, shi ya sa nake da iko da shi.”

Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta kira fasto ya zo ya yi mini wa'azi a kan girman kai. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi ƙofa. Da ta ga ba zan motsa ba, ta ɗauki jakarta ta je wurin yaron da ita ta koya wa riƙon wuƙa, ta roƙe shi ya bar ta ta tsaya a gefensa ba albashi. Da idon awaki ta fara. Kowace safiya sai ta je mahauta ta sayo kawuna, ta cire idanun ta tafi da su, ta bar mini sauran. Muka ci farfesun kan akuya har maƙwabciyata ta ce in ta ƙara ci za ta fara kuka irin nasu. Ina dariya tare da ita, amma kullum duniya tana ƙara ja da baya. Na daina zuwa kasuwa. A tsakar gidana sai da bango nake tafiya.

Ana tsakiyar damina idon hagu ya yi ja, ya kama ciwo kamar ana buga ƙusa daga ciki. Na ɓoye har na kasa. Suka duba, ita da yaron likitan nan. Suka ba ni maganin da ya kashe zafin, amma idon ya tafi, ba zai dawo ba. Ta yi makonni ba ta yi mini magana in ban da gaisuwa. Takan ajiye mini abinci ta fita. Ni ma ban ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba.

Bayan an cire citta, wata safiya ta shigo ta tsaya a kaina ta ce, “Tashi ki yi wanka, Mama. Yau ne.”

Ba a sa mutum barci a wannan aiki, zafin ido kawai ake kashewa da magani. Aka rufe mini fuska da ƙyalle, ina jin komai. Ina jin ƙarar ƙarafa a faranti, ina jin takalmin yaron a gefenta, bai ce mata komai ba daga farko har ƙarshe. Gefen hannunta yana kan goshina. Na tattara hankalina duka a wurin ina sauraron ko zai yi rawa, na kuma san ido ɗaya ya rage mini, ita ma ta sani. Abin da na ji a goshina ranar nan ban taɓa gaya wa kowa ba, ita ma ba ta taɓa tambayata ba.

Washegari ta kwance bandejin da kanta. Abin da na fara gani furfura ce a gefen kanta, wadda ban san da ita ba. Da wannan idon nake gani har yau. Ta koma cire yanar tsofaffi, a wani asibiti dabam, ƙarƙashin waɗanda ta girma. Aikin idon yara kuwa ba ta iya ba har yanzu. In aka kawo su, takan tura iyayen manyan asibitoci masu nisa, su ce to.

Cikin mutanen wancan lokaci, maƙwabciyata ta koma ƙasarsu bayan mijinta ya rasu, can aka binne ta. Faston ya tafi, wan maigidana ya tafi, dattijon Kujama ma an ce ya tafi da daɗewa. Saurayin likitan yana nan, ya yi tumbi, har yanzu yakan aiko mini da sabulu lokacin Kirsimeti. Na shagon kemis an ce yana da rai, shagon ya zama biyu. Sai 'yata, sai ni.